Mai Tsaron Gidan Wani, Ina Nasa?

A sababbin unguwannin Yamai, da na Maraɗi da Damagaram, akwai gine-gine da yawa waɗanda aka fara ba a gama ba. An ta da bango, an bar gurbin ƙofa da taga, sai kuɗin mai gini ya ƙare, ko kuwa ya tafi wata ƙasa neman ƙari. Wanda ya leƙa cikin irin wannan kango sau da yawa yakan tarar da mutane. Ga zana an kafa ta tare iska, ga murhu na duwatsu uku, da tabarma, da tulu, yara kuwa suna wasa a kan tarin yashi. Maigidan mai gadi ne, an ba shi wurin domin kada ɓarayi su kwashe bulo da ƙarfe. Da rana yana tura baro ko yana yi wa magina lebura, matarsa tana wankau a gidan wani ma'aikaci, babbar 'yarsa tana tallar ƙosai. Ba malalaci ko ɗaya a cikinsu. Amma ran da mai gini ya sami kuɗin rufi, ran nan za a ce musu su tattara kayansu.

Kowa ya san hakkin gurgu da makaho da tsohuwar da ba ta da kowa, ba a gardama a kansu. Tambayar da ta fi wuya ita ce ta mai ƙarfi wanda yake aiki tun asuba har dare, duk da haka ba shi da ɗakin da zai kulle ya ce nasa ne, ko da na haya. Laifin wa ke nan? Abin da ya kamata a yi masa kuma, sadaka ce ko hakkinsa ne?

Yadda abin yake faruwa

A ƙauye talaka yana da ɗaki. Ko hatsinsa ya ƙare kafin damina, yana da inda zai kwanta, gama ƙasar gini tana nan kyauta, karan rufi yana gona, 'yan'uwa kuma suna taruwa su ɗaga masa jinka. Rashin makwanci cutar birni ce. Mutanen ƙauye kuwa ba sha'awa ce ta kai yawancinsu birni ba. Farin 1973 da 1974, da na 1984, da yunwar 2005, kowanne ya tura dubban iyalai zuwa bakin gari, waɗansu ba su koma ba har yau. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai an raba ta ga 'ya'ya, an sāke raba ta ga jikoki, har abin da kowa ya samu ba ya ciyar da shi wata shida. Cin rani da dā na samari ne, yanzu ya zama ƙaura da mata da yara. A 1960 mutanen Yamai ba su kai 40,000 ba. A ƙidayar 1988 sun kusa 400,000, a ta 2012 sun haura miliyan ɗaya. Ɗakunan da talaka zai iya biya ba su ƙaru da wannan sauri ba.

Sai a dubi lada. Daga 2012 har ƙarshen 2023, mafi ƙanƙantar albashin da dokar Nijar ta yarda da shi sefa 30,047 ne a wata. Daga Janairu 2024 aka mai da shi jika 42. In aka raba jika 42 a kwana 30, ana samun dala 280 kowace rana. In gidan mutum shida ne, rabon kowa bai kai dala 50 ba, a ciki ne za a ci, a sha, a sayi itace da sabulu da magani, a biya haya. Wannan ma ga wanda doka ta san da shi ne. Mai gadi, da ɗan dako, da ga-ruwa, da ɗan kabu-kabu, da 'yar aikin gida, yawancinsu ba su da takardar aiki, ladarsu ita ce abin da aka yi ciniki da baki, wani lokaci ma ba ta fita a kan kari.

Har wa yau talaka yana sayen kome da tsada fiye da mai kuɗi. Mai famfo a gida yana biyan ruwa da arha, wanda ba shi da famfo yana sayen jarka a hannun ga-ruwa. Mai albashi yana sayen buhun shinkafa, lebura yana sayen ɗan awo kowace yamma, in aka tara kuɗin awon wata ya fi na buhu. Mai gidan haya yana neman kuɗin watanni a gaba kafin ya ba da mabuɗi, wanda ake biya kullum-kullum kuwa ba ya taɓa riƙe wannan kuɗi a lokaci ɗaya. Saboda haka yakan koma inda ba a neman kuɗin gaba: kango, ko bukka a filin da mai shi bai gina ba tukuna, ko bakin kogi, ko tsohon ramin da aka haƙi ƙasar gini.

Can ne ruwa yake samunsa. A damunar 2020 kogin Isa ya karya madatsai a Yamai, ya shiga unguwanni kamar Lamorde da Saga, dubban mutane suka kwana a azuzuwan makarantu. A 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a ƙasar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi shan wuya, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Ruwan sama ɗaya ne ya zuba a kan gidan siminti da ɗakin laka, amma ba ɗaya suka wayi gari ba.

Amsoshi uku da akan bayar

Amsa ta fari ita ce lalaci. Akan ji masu bi suna kawo maganar manzo Bulus a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Tasalonikawa, sura 3, inda ya hana a ciyar da mai ƙin aiki. Maganar gaskiya ce, malalata kuma suna nan, da mashaya, da masu caca waɗanda suka jefa iyalinsu cikin wahala da hannunsu. Amma manzo yana magana ne a kan wanda ya ƙi aiki, bai ce kome a kan wanda ya yi aiki aka ba shi abin da ba zai ishe shi ba. Wanda ya ɗauki wannan aya ya ɗora wa ɗan dako mai sauke buhu hamsin a rana ya juya Maganar Allah ta zama sandar dukan marar ƙarfi. Abokan Ayuba ma haka suka yi. Sun ga mutum a cikin toka, suka tabbata lalle akwai zunubi a ɓoye, a ƙarshe kuwa su ne Ubangiji ya tsawata wa. Dalilin da ya sa wannan amsa take da daɗi a bakin mai ƙoshi ba ɓoyayye ba ne: in laifin talaka ne, to, ba a bin kowa bashi.

Amsa ta biyu ita ce ƙaddara: haka Allah ya so, shi yake azurtawa, shi yake talautawa. Ba mai bi da zai yi musun ikon Allah a kan ruwa da fari. Amma ba Allah ne ya sa hannu a takardar sayar da fili a kan hanyar ruwa ba, ba shi ne ya riƙe ladar mai gadi wata uku ba, ba shi ne kuma ya toshe magudana da shara ba. A Masar Allah ya nuna shekaru bakwai na yunwa tun kafin su zo, Yusufu kuwa bai naɗe hannu ba, ya gina rumbuna. Haƙuri abu ne mai kyau in wanda yake shan wahala ne ya riƙe shi. In wanda ya jawo wahalar ne yake wa'azinsa, ya zama wayo.

Amsa ta uku ta fi sauran nauyi. Akan ce, me ya sa mutumin da ba shi da ɗaki zai haifi 'ya'ya bakwai, me kuma ya hana shi komawa ƙauyensu? Akwai gaskiya a nan, bai kamata a rufe ta ba. Uba da uwa suna da alhakin tunani a kan abin da za su iya ɗauka, ikkilisiya kuma tana da alhakin koya wa ma'aurata wannan ba kunya. Amma shawarar da ta dace da saurayi kafin aure ba ta zama hukunci a kan yaron da an riga an haifa. Shi bai zaɓi gidan da ya faɗo ba. Komawa ƙauye kuwa, in da gonar tana ciyarwa da ba a baro ta ba. Ruwa ba ya tsami banza. Birnin da yake cewa su koma, shi ne kuma yake bukatarsu gobe da safe su kwaɓa masa siminti, su share masa kasuwa, su goyi 'ya'yansa. Garin da yake son hannun mutum amma ba ya son ganin tabarmarsa, shi ya kamata a fara tambaya.

Abin da yara suke biya

Babba in ya kwana a kango yana tuna ɗakin uwarsa a ƙauye, ya san wahala aba ce mai wucewa. Yaron da aka haifa a kango bai san wani abu dabam ba. In aka tashe su a tsakiyar shekara, sabon wurin yakan yi nisa da makarantarsa, sai karatun ya yanke. Littafinsa ba shi da inda za a ajiye shi daga ruwa da gara, da dare ba fitilar da zai yi bita. Da yawa ba su da takardar haihuwa, domin an haife su a gida ba wanda ya je ofishin magajin gari cikin lokaci, ran jarrabawa kuwa takardar ake nema. Inda ba ƙofa ba makewayi, yarinya mai tasowa ba ta da sutura, iyayenta sukan ga gara su aurar da ita da wuri, ko su ba da ita aikin gida inda aƙalla za ta kwana a cikin bango. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, nan kuwa bangon ma babu.

Ko makarantar da take karɓarsu ba kullum take da bango ba. A watan Afrilu 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a unguwar Peyi-Ba kusa da filin jirgin saman Yamai, unguwar talakawa da aka gina a tsohon ramin haƙar ƙasa, yara kimanin 20 suka mutu, yawancinsu ƙanana ne ƙwarai. A watan Nuwamba na shekarar nan irin wannan ya sāke faruwa a Maraɗi, aƙalla yara 25 suka rasu. 'Ya'yan masu hali ba sa karatu a rumfar zana. Yaron da ya kwana a ƙarƙashin zana, ya wuni a ƙarƙashin zana, talaucin iyayensa ya bi shi har aji.

Akwai kuma asarar da ba a gani. Yaron da ya ga ubansa yana tashi tun duhu, yana komowa a gajiye, aka kuma kore su kamar awaki, wane darasi zai ɗauka a kan aiki da gaskiya? In ya girma ya ce ƙwazo ba ya biya, ba daga littafi ya koya ba. Al'ummar da ta bar shi ya koyi wannan, ita ce za ta ƙara tsawon katangarta nan da shekara goma.

Sadaka ko hakki

Shari'ar Musa ta bambanta abu biyu da mutane suke haɗawa. Akwai kyauta da mai zuciyar kirki yake bayarwa, akwai kuma abin da yake na talaka ne tun asali. A Maimaitawar Shari'a sura 24 an umarta a biya ɗan ƙodago ladarsa a ranar da ya yi aikin, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo. An hana karɓar dutsen niƙa jingina, domin da shi gidan yake ci. In an karɓi mayafin matalauci jingina, dole a mayar masa kafin dare ya sami abin rufa. A Littafin Firistoci sura 19 an hana mai gona girbe gefen gonarsa ƙaf, kalar ta matalauci ce da baƙo. Sa'ad da Rut ta shiga gonar Bo'aza ba bara ta je ba, abin da shari'a ta ba ta ne take tsincewa. Duk waɗannan dokoki suna tsaye a kan tushe ɗaya: akwai iyakar da ciniki ba ya ƙetarewa. Ko mutum ya yarda da bakinsa saboda yunwa, ba a karɓe masa abin da yake riƙe da ransa, barci da abin rufa kuwa suna ciki.

Annabi Irmiya, a sura 22, ya yi wa sarki Yehoyakim faɗa domin ya gina wa kansa benaye masu faɗi da ƙarfin mutanen da bai biya ba. Yakubu, a sura 5 ta wasiƙarsa, ya ce ladar da aka danne wa masu girbi ita kanta tana kai ƙara gaban Allah. Bisa ga wannan, wanda ya rage wa mai gadinsa lada, sa'an nan ran Lahadi ya sa baiko mai kauri, da kuɗin wani ya yi baiko. Wanda kuma ya ba 'yar aikinsa tsofaffin tufafi ran Kirsimati alhali yana riƙe da kuɗinta na wata biyu, bai yi alheri ba tukuna, gama ba a fara kyauta sai an gama biyan bashi. Attajirin nan na Luka sura 16 ba a ce ya doki Li'azaru ko ya zage shi ba. Yana wuce shi ne kawai a ƙofar gida kowace rana, har ya daina ganinsa.

Mai karatu zai iya cewa, wannan magana ta dace da attajirai, amma yawancin masu ɗaukar mai gadi ko 'yar aiki ba attajirai ba ne. Malamin makaranta ne, ko ma'aikaciyar likita, su ma albashinsu ba ya kai su ƙarshen wata. Mai gidan haya kuma wata gwauruwa ce wadda ɗakuna uku ne abincinta da na marayunta. In aka tilasta wa malamin ya biya jika 42, sai ya sallami mai gadin, mutumin ya rasa har kangon. Wannan gaskiya ce, ba ta kuma da amsa mai sauƙi. Amma wanda ba ya iya biyan cikakkiyar lada ba shi da ikon neman cikakken yini. In abin da yake iyawa rabi ne, sai ya karɓi rabin aiki, ya bar mutumin ya nemi sauran a wani wuri. Biya a kan kari ba ya bukatar arziki. Gaya wa mai gadi tun wata uku kafin a gama gini, da jira yara su gama shekarar karatu, da ƙin tashin iyali a tsakiyar damina, duka ba sa cin ko dala. Gwauruwar nan tana da hakkin kuɗin hayarta, amma tana iya karɓarsa mako-mako daga wanda ake biya mako-mako. Allah yana auna kowa da abin da yake hannunsa, mai ƙaramin iko ma akwai wanda yake ƙarƙashinsa.

Abin da jama'ar masu bi za ta iya

Masu bi a Nijar ƙalilan ne, yawancinsu kuma talakawa. Ba ikkilisiyar da za ta gina wa dukan marasa ɗaki gidaje. Yanka filaye a kan tudu da farashin da lebura zai iya, da haƙa magudanai, da gina azuzuwa na bulo, da tsare dokar lada, aikin hukuma ne, wajibi ne kuma 'yan ƙasa su riƙa tuna mata cikin ladabi da naciya, tare da maƙwabtansu Musulmi, gama ruwa in ya shigo unguwa ba ya tambayar addinin kowa.

Amma akwai abin da yake kusa. Na fari shi ne sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kunya kuwa takan hana shi faɗa. Mutum yakan zo sujada da riga wankakkiya shekara biyar, dattawa ba su san a kango yake kwana ba, domin ziyara tana tsayawa a gidajen da suke da kujeru. A Ayyukan Manzanni sura 6, sa'ad da aka yi gunaguni ana mance da waɗansu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su ce a yi haƙuri ba, suka sa aka zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin. Kowace ikkilisiya tana iya sa mutum biyu ko uku su san inda kowane yaron makarantar Lahadi yake kwana.

Na biyu shi ne kuɗin gaba, wanda shi ne katangar da take tsakanin lebura da ɗakin haya. Nan adashi yana da amfani. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991 da taimakon CARE, sun nuna cewa matan da ba su da kome suna iya tara kaɗan-kaɗan kowane mako su ranta wa juna, har tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Zumuntar mata ko ta maza tana iya ware irin wannan asusu domin kuɗin shiga ɗaki kaɗai, a biya a hankali. Dattijon da ake girmamawa kuma yana iya tsaya wa ɗan'uwa a gaban mai gida, sunansa ya zama jinginar da talakan ba shi da ita.

Na uku shi ne yara. Wanda ya san hanyar ofis yana iya raka uba marar karatu a samo wa yaro takardar haihuwa ta hannun alƙali. Majami'ar da take da wuta tana iya buɗe ƙofa da maraice yara su yi bita. Iyalin da suke kusa da makaranta suna iya riƙe yaro wata uku ya gama ajinsa in an tashi iyayensa. Wanda kuma yarinyar wani take aiki a gidansa, sai ya tambayi kansa ko zai yarda tasa ta tashi a wannan sa'a, ta kwanta a wannan wuri, ta rasa makaranta saboda wannan lada.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ƙauye ana faɗar wannan ana kuma aikata shi, kowa yana sa kafaɗa har rufin ya hau. A birni jinkar ta zama kuɗin haya, da lada a kan kari, da takarda, da wa'adi na mutunci, amma har yanzu ba mai ɗaga ta shi kaɗai. Almasihun da masu bi suke bauta wa an kwantar da shi a komin dabbobi, iyayensa masu aikin hannu ne, sun kuma yi gudun hijira da shi yana jariri. A Matiyu sura 25 ya haɗa kansa da baƙo da mayunwaci, ya ce abin da aka yi musu shi aka yi wa. Wanda ya gaskata wannan ba zai kulle ƙofarsa da dare ba tare da ya san inda mai tsaron ƙofar da 'ya'yansa suke kwana ba. Allah ya ba jama'arsa idon gani, da hannun biyan hakki kafin rana ta faɗi.